Ƙwayoyin Da Na Zuba A Masai

Shafi na 23

Masu tambayar me ya sa na yi shiru kwana uku, asibiti nake. Wanda ya gaji da jira ya kama gabansa. Wanda ya zauna, ga abin da ya faru.

Auta yana kwance kwana shida ke nan. Ɗana ne, shi kaɗai ne namiji, shekararsa talatin da ɗaya. Ciwon kai ya kayar da shi a wurin aiki, aka kwaso shi. Tun ranar bai san inda yake ba sai jifa-jifa.

Ni na riga na gaya wa kowa abin da ke damunsa. Shaye-shaye ne. Na gaya wa uwarsa, na gaya wa yayyensa mata, na gaya wa likitan da ya fara karɓarsa. Ba na rufe abin kunya don nawa ne.

Shekaranjiya ƙarfe huɗu, lokacin dubiya, muka iso ni da uwarsa. Mai gadin asibiti ya taɓa ledarta da yatsa biyu ya ce mu wuce.

Na ce, "Ka gama?"

Ya ce, "Na gama, Baba."

"Ka buɗe filas ɗin?"

"Ai shayi ne."

"Wa ya gaya maka?"

Uwar Auta ta ja hannun rigata. "Malam, ba ƙofarka ba ce. Ka bar bawan Allah ya ci abincinsa."

Na bar shi. Amma wannan ba gadi ba ne, zaman inuwa ne. Shekara talatin da huɗu na yi a ƙofar masaƙa, ma'aikata ɗari shida shiga da fita, ƙyalle ɗaya bai wuce ni ba. Ba hannun mutum nake kallo ba. Idonsa nake kallo. Ido sai ya koma inda aka ɓoye abu.

Ba mu kai ga gadon Auta ba nas ta tare mu. Ta ce likita tana son ganina ni kaɗai. Uwarsa ta zauna a benci da filas a cinya.

Ofishin ƙarami ne. Tebur, kujera uku, fanka da ba ta juyi. Likitar yarinya ce, ba ta kai babbar 'yata ba. A kujerar gefe matar Auta ce zaune. Shekara biyar tana gidana, ba ta taɓa zama a kujera ina tsaye ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ranar ba ta tashi ba.

Likita ta ce, "Baba, zauna."

"Ina jin ki a tsaye."

"Maganar da tsawo."

Na zauna.

Ta jawo durowa ta fito da farar kwalba ta roba. Ta buɗe, ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunta, ta miƙo mini ita kusa.

"Ka taɓa ganin irin wannan?"

Doguwa ce, ruwan ƙasa, da lamba a jikinta. Ko a mafarki zan gane ta.

Na ce, "Ita ce. Ai na gaya muku tun ranar farko. A jikinsa kuka samu?"

"A ina ka taɓa ganinta?"

"A ɗakinsa. Sau huɗu."

"Gaya mini."

Na gaya mata. Ba zan ɓoye muku ba, da jin daɗi na gaya mata. Ta farko a bayan rediyo, ya kwance murfin ya tura kwalbar ciki. Na gane ne don na ga sawun sukundireba a jikin rediyon da bai lalace ba. Ta biyu a cikin safa, safar a cikin takalmin ruwa, a lokacin da babu ruwan sama. Ta uku a saman silin, ƙurar wurin ta nuna yatsu. Ta huɗu a cikin filon jikata, an farke an sake ɗinkewa da zaren da bai dace ba.

"Me ka yi da su?"

"Masai. Duka. A gabansa."

"Ta ƙarshe yaushe ne?"

"Shekara ɗaya da wata biyu."

Ta rubuta. Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta.

"Baba, ba ka kai wa kowa ya duba maka ba? Ko mai kantin magani?"

"In kai wa wa? Kwalba ba takarda, an kankare ta tas. Abin da aka kankare sunansa aka tura bayan rediyo, sai na je tambaya? A aikinmu abin da aka ɓoye ya riga ya faɗi sunansa."

Likita ta juya wajen matar Auta. "Ke za ki faɗa, ko ni?"

Ta ce, "Ni."

Ta gyara mayafinta. Ta ɗago kai ta dube ni. Sai ranar na san kalar idonta.

"Baba, magani ne."

"Su ma 'yan ƙwaya haka suke cewa."

"Maganin ƙanjamau ne."

Na juya kai wajen ƙofa. Akwai wani yana tura gadon marar lafiya a baranda, tayar tana ƙara. Na saurare shi har ya wuce.

Na ce, "Ƙarya ne."

Likita ta juyo da kwalbar. Wannan da takardarta a jiki. Ta buɗe fayil ta tura mini. Ban iya karatun boko sosai ba, amma na san sunan ɗana in na gan shi, na kuma san kwanan wata. Shafi bayan shafi. Shekara takwas.

Na ce, "A ina ya samo?"

Matar Auta ta ce, "Wannan ce tambayarka, Baba?"

"Ina tambayarki."

"Ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Ba shi zai tashe shi daga gadon can ba."

"Ke fa? Jikata fa?"

"Lafiyarmu ƙalau. An gwada mu, an sake gwadawa."

"Yaya za a yi haka?"

Likita ta ce, "Wanda yake shan wannan kullum ba fashi, cutar tana kwanciya a jininsa har a kasa ganinta a gwaji. In ta kai haka ba ta kama matarsa. Ɗanka ya fi shekara shida a haka. Yana cikin mutanenmu da ba sa makara ko kwana ɗaya. Da ya ci gaba, da zai tsufa kamar kai."

Na dubi matar. "Kin sani kika aure shi?"

"Ya gaya mini tun kafin ya gaya muku yana sona."

"Ku biyu kuka rufe ni. A gidana."

"Mun rufe ka."

"Me ya hana shi buɗe baki? Ina kama kwalbar farko, me ya hana ya ce Baba, magani ne? Bebe ne?"

"Ƙaninka."

Na ce, "Kar ki sako shi."

"Kai ka tambaya, Baba."

Ina da ƙane. Ya rasu shekara ashirin da suka wuce, a ɗakin baya na gidana. Wannan cutar ce. Lokacin ba a san wani magani ba, ko kuma mu ba mu sani ba.

Ta ce, "Auta ya ba ni labari. Ya ce ka ware masa kofi ka ɗaura wa hannun kofin jan zare. Ya ce da ƙafa ake tura masa kwano. Ranar da ya cika ka fito da katifarsa tsakar gida ka cinna mata wuta, ka ce duk wanda ya kwaso wannan abin a gidan nan ya nemi wani uban."

"Na faɗa."

"Ya ji. Yana tsaye a wurin."

"Magana ce ta ɓacin rai."

"Ka taɓa janye magana, Baba?"

Na kau da kai wajen fankar.

"Ranar da ka zubar da ta farko na ce ya gaya maka, duk abin da zai faru ya faru. Ya ce gara ka kira shi ɗan ƙwaya. Ya ce ɗan ƙwaya ana zaginsa, ana dukansa, amma yana da uba."

Likita ta miƙo mini ruwa a kofi. Ban karɓa ba.

Na ce, "To ya ajiye a wani wuri mana. Dole sai gidana?"

Matar Auta ta ce, "Ya kai wurin aiki. Ka je da kanka ka gaya wa masu gadin masaƙa su caje shi shiga da fita. Ai kai ka koya musu aiki. Har takalmi suke sa shi ya cire a gaban mutane."

Haka ne. Ni na samo masa aikin, ni na je na faɗa musu.

"Ya koma asibiti ya ce kwalbar ta faɗi a mota, suka ba shi wata. Ya koma ya ce an sace, suka ba shi. Na uku ya ce ta faɗa ruwa, mai ba da maganin ya tambaye shi ko sayarwa yake. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Sai na kai gidan yayata, yana biyawa kullum da safe ya sha. Wata biyar muna haka. Yayata ta yi tafiya ta kulle gida, na kawo kwalbar ta kwana uku kawai. Ni na ɗinke ta a filon yarinya. Na ce ko kai ba za ka taɓa filon jikarka ba."

"Zaren fari ne. Filon shuɗi."

"Na sani, Baba. Kullum sai na tuna."

Ta gyara zama. Sai ta ce, "Ka tuna abin da ka sa shi ya yi ranar?"

Na tuna. Na tara gidan. Na sa shi ya durƙusa a gaban uwarsa. Na sa ya rantse da Allah ba zai sake haɗiye ƙwaya ba, kowace iri ce, ko ta ciwon kai ce, sai wadda ni na ba shi da hannuna. Ni na tsara kalmomin, shi ya maimaita. Ranar na kwanta ina ganin na ceci ɗana.

Ta ce, "Na gaya masa rantsuwar dole ce, ba ta hau kansa ba. Na yi kuka, na yi fushi, na ce zan tafi gidanmu. Ya ce ba rantsuwar ce kaɗai ba. Ya ce ya gaji da ɓuya kamar ɓarawo a gidan ubansa. Daga ranar ya kwashe tabarmarsa ya koma falo, don kar ya sa mini. Kai kuma ka ce wa Inna ƙwaya ta kashe masa zuciya har ya guji matarsa."

"Na faɗa."

"Ka faɗa."

"Ke me ya hana ki zuwa wurina?"

"Ya ce in na gaya maka, ya sake ni. Na zaɓi aurena." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma da nawa."

Na juya wajen likita. "To ga maganin a hannunki. Ku ba shi."

"Ba wannan ba tukuna. Garkuwar jikinsa ta faɗi ƙasa, wani ciwo ya samu hanya ya hau kansa. Shi ne yake juya masa hankali. Sai mun kashe wannan kafin mu mayar da shi kan na kullum."

"Ku kashe."

"Muna ba shi na jijiya ta ƙarin ruwa. Shi kaɗai bai isa ba. Akwai wanda dole ya shiga cikinsa, sau huɗu a rana. Ya ƙi haɗiyewa. Mun sa masa roba ta hanci, ya fizge. Mun mayar, ya sake fizgewa. Yanzu hancin ya kumbura yana jini, ba za mu iya mayarwa ba sai ya sace."

"Me yake cewa?"

"Abu ɗaya. Baba ya hana."

Na ce, "In bai sha ba fa?"

"Baba..."

"Ni ba yaro ba ne."

"Kwanaki ne. Ko ya sha ma ban yi maka alkawari ba. Ya zo a makare ƙwarai."

Ta buɗe wata kwalbar ta zuba farare guda uku a ɗan ƙaramin kofi, ta ajiye a gabana.

"Bai san ranar da muke ba. Bai gane matarsa ba yau da safe. Amma rantsuwar tana nan daram, har da ƙarshenta. Ya ce sai da hannun Baba. Shi ya sa muka kira ka."

Na ɗauki kofin na fita.

Uwarsa tana nan a benci. Ta dubi fuskata, ta dubi kofin.

Na ce, "Kin sani?"

"Me?"

Na gaya mata a taƙaice. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannu biyu a kan filas ɗin ta danne shi.

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma na san ba ɗan ƙwaya ba ne. Ɗan ƙwaya ba ya tashi kafin kowa ya share tsakar gida. Na gaya maka."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na gaya maka sau ɗaya. Ka ce in tsaya a kan tukunyata, ke me kika sani a kan masu laifi."

"Da sai ki sake faɗa."

"Malam, shekara arba'in ina gidanka. Wa ya taɓa faɗa maka magana sau biyu?"

Na wuce ta.

Ɗakin gado takwas ne, nasa na bakin taga. An ɗaure masa hannu ɗaya da bandeji a jikin ƙarfen gado saboda ƙarin ruwa. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Leɓensa ya tsage. An rufe masa ido da tsumma don haske yana damunsa. Nas ta cire tsumman a hankali.

Ta ce, "Ga Baba ya zo."

Matarsa ta tsaya a ƙafar gado. Uwarsa ta tsaya a bakin ƙofa. Tsohon da ke gadon kusa yana jinyar ƙafa ya juya mana baya, ya ja bargo. Na gode masa a raina.

Na ce, "Auta."

Idonsa ya zagaya silin kafin ya sauko kaina.

"Ba komai a ɗakin, Baba," in ji shi. Muryar kamar ta mai barci. "Ka duba. Ka duba filon ma."

"Na sani."

"Na daina."

"Na sani. Buɗe bakinka."

Na ɗauki ɗaya da yatsuna na kai bakinsa. Ya ga ƙwayar. Ya datse haƙora ya kau da kai wajen taga.

"Ni ne na ba ka. Da hannuna. Ga hannun."

Ya girgiza kai a kan filo.

"Auta, na warware rantsuwar. Ni na sa ka, ni na cire."

Ta cikin haƙora ya ce, "So kake in karɓa ka kama ni."

"Ba kama ka zan yi ba."

"Ka tara mutane. Ga Inna can."

Na waiwaya na yi wa uwarsa alama ta fita. Ta fita. Matarsa ma ta bi ta. Saura ni da nas.

Na sake kai hannu. Ya sake kau da kai. Ƙwayar ta fara narkewa a yatsuna saboda gumi. Na mayar da ita kofi na ɗauki wata.

Ban taɓa durƙusa wa mutum ba tun da ubana ya rasu. Manajan masaƙa ya taɓa cewa in ba ɗansa haƙuri don na caje shi, na cire hular aiki na ajiye masa a tebur, shi ya aiko a kira ni. Amma gadon asibiti gajere ne, kuma yaron ba ya iya ɗaga kai. Na sa gwiwa biyu a ƙasa. Fuskata ta zo daidai tasa.

Na ce, "Na san ciwonka. An gaya mini komai. Ban kore ka ba. Kai ɗana ne."

Yana kallona.

"Ni na yi kuskure. Abin da na zubar magani ne. Ka yafe mini. Don Allah, Auta. Don Allah ka sha."

Ya daɗe yana kallona. Na ga idon ya tsaya, na ce a raina ya dawo. Nas ta matso da ruwa.

Sai ya juya wajenta.

"Malama, wane ne wannan?"

Ta ce, "Babanka ne."

"A'a."

"Shi ne. Dube shi da kyau."

"Ba shi ba ne. Kun samo wani kun sa masa rigarsa." Ya rufe ido. "Babana ba ya roƙo."

Nas ta sunkuyo kusa da kunnena. Ta ce, "Baba, tashi tsaye. Yi masa magana yadda ka saba. Daka masa tsawa, wataƙila ita ya sani."

Na dafa ƙarfen gado na miƙe. Gwiwar ta ƙi, sai da ta kama ni. Na tsaya a kansa, na gyara wuyan rigata, na riƙe ƙwayar. Na cika ƙirji da iska.

Na buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

Ta ce, "Sake gwadawa, Baba. Maganin ƙarfe huɗu ya riga ya wuce shi."